Afolo: Ciwon Idon da Aka Raɗa wa Sunan Kumbo

A wani zaman karatu da reshenmu ya yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya karanta mana babi guda na littafin da yake rubutawa. Ya gina labarin ne a kan zamanin En'e, shekaru kaɗan kafin samun mulkin kai, kuma ba laifi, yaron yana da hannu. Ya kawo ɗan doka, ya kawo mai karɓar jangali, ya kawo jirgin gyaɗa, duk sun zauna daidai. Sai ya iso wurin da kakar tauraron labarin ta kasa zuwa biki domin Afolo ya kama ta. Nan fa wani dattijo daga cikinmu, tsohon malamin makaranta, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗana. A wace shekara ka ce ana wannan biki?" Yaro ya ce, "A 1957, Baba." Dattijo ya ce, "To ai kuwa tsohuwar nan ta riga duniya kaf kamuwa da shekara 12."

Aka yi dariya aka wuce, amma maganar ba ta wuce mu ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi dariyar, in da za a tsare su a ce su faɗi inda kalmar ta samo asali, shiru za a ji. Ta shige cikin bakinmu ta yi kane-kane, har ta zama tamkar mun gaje ta ne tare da ƙyanda da sanƙarau. Alhali kuwa tana da ranar haihuwa, tana da garin haihuwa, kuma waɗansu daga cikin waɗanda aka yi sunan a gabansu suna nan da ransu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi sawunta.

Ciwon ido dai daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, kuma harshen kansa shaida ne. Muna da amodari, muna da hakiya, muna da dundumi, muna da yanar ido, ga kuma kwantsa wadda ba gidan da ba a san ta ba. Al'ummar da ta tanadi sunaye barkatai haka, lalle ta daɗe tana fama. Ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, ƙudajen damina, ƙarancin ruwan wanke fuska, ga ƙyanda da agana da suke tsiyayar da idanun yara, duk sun taru sun sa makanta ta zama abin da ake gani a kowace kasuwa. Ba banza ba aka kafa asibitin ido a Kano tun 1943, mutane kuma suka riƙa yo masa takakka daga nesa.

Akwai wani tantani siriri, garai-garai kamar ruwa, wanda ya lulluɓe farin ido ya kuma naɗo ya shimfiɗu a cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa. Shi ne ke sa ido ya zauna da danshi, fata kuma ta riƙa zamewa a kansa ba tare da gurzawa ba. Akwai 'yan jijiyoyin jini ƙanana a cikinsa waɗanda ba a ganinsu sai ya fusata. Idan ƙwayar cuta ta sauka a kansa, ko ƙura, ko wani abin da jikin mutum ba ya so, sai jijiyoyin nan su kumbura su cika, ido ya kaɗa ya yi ja, ya riƙa ruwa. Wannan kumburin tantani shi ne tushen yawancin abin da muke kira jan ido, kuma kakanninmu sun san shi sarai. Sai dai irin wanda ya ɓulla a 1969 babu wanda ya taɓa ganinsa, daga masu magani a gargajiyance har likitocin Turai.

A watan Yuni na wannan shekara ne aka fara ganinsa a birnin Accra, wanda Hausawa ke kira Ankara, babban birnin ƙasar Gana. Mutum zai kwanta lafiya lau, ya tashi ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. Kafin azahar fatar idon ta kumbura ta yi suntum, hawaye na zuba, haske ya zama abokin gaba. Kafin kwana ya zagayo ɗaya idon ma ya ɗauka. Abin da ya fi razana mutane shi ne jini: ƙananan jijiyoyin nan sukan fashe a ƙarƙashin tantanin, sai a ga farin ido ya yi ɗigo-ɗigon jini, wani ma ya rine gaba ɗaya kamar an zuba masa jan garura. Ga shi da saurin yaɗuwa irin na wutar daji. Tsakanin kamuwa da bayyanar ciwo bai fi kwana ɗaya ba, in ya daɗe biyu. In ya shiga gida da safe, kafin mako ya ƙare ya zagaye kowa, daga maigida har ɗan goye. Asibitin Korle Bu, wanda shi ne babba a birnin, ya cika ya batse da dubban masu jajayen idanu a 'yan watannin nan. Likitoci 3 da suka yi aikin, Chatterjee da Quarcoopome da Apenteng, sun rubuta rahoton abin da suka gani, aka buga a mujallar likitocin ido ta Ingila a 1970. Abin da suka iya kiransa a lokacin shi ne wani irin ciwon ido na annoba da ba a saba gani ba, domin ba su da sunan da za su ba shi.

Mutanen gari kuwa ba su jira likitoci ba. Ana tsakiyar wannan hali ne, ranar 16 ga Yuli, Amurka ta harba kumbon Apollo 11 ɗauke da mutum 3, Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Ranar Lahadi 20 ga wata, da ƙarfe 8:17 na dare agogon Gana, wato 9:17 agogon Nijeriya da Nijar, biyu daga cikinsu suka sauka a kan wata. Armstrong ya taka ƙasarsa gab da ƙarfe 4 na asubahin Litinin agogonmu. Mai karatu ya kwatanta daren nan a ransa. Watan yana da 'yan kwanaki kaɗan da tsayuwa, saboda haka duk inda hadari bai rufe ba ana iya fita tsakar gida a ɗaga kai a gan shi can yamma, ga kuma akwatin rediyo yana cewa yanzu haka akwai mutane a kansa. Wannan watan ne fa da ake duba don a ɗauki azumi a kuma ajiye shi, wanda mata ke lissafin ciki da shi, yara ke wasa a ƙarƙashinsa. Waɗansu suka gaskata suka yi ta mamaki, waɗansu suka ce ƙaryar Turawa ce, waɗansu kuma suka ce in ma gaskiya ne, to an yi shisshigi, kuma za a ga abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya kuwa, a ganinsu, shi ne gari ya waye idon kowa ya yi jini. Aka ce ƙurar wata ce aka tayar ta zubo, aka ce wata cuta ce 'yan sama jannatin suka kwaso. Suna ya kama: Apollo. Da ya iso bakin Bahaushe sai ya zama Afolo.

Abu ne mai sauƙi mu da muke da takardu a gabanmu mu yi wa wannan magana murmushi. Ciwon ya fara a Yuni, kumbo bai tashi ba sai tsakiyar Yuli, kuma jariri ba ya riga uwarsa zuwa duniya. Faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama. To amma kafin mu ce jahilci ne, ya kamata mu dubi abin da masu kumbon da kansu suka yi. Da mutanen nan 3 suka faɗo tekun Fasifik ranar 24 ga Yuli, ba a bari sun yi musafaha da kowa ba. Tun suna kan ruwa aka miƙa musu waɗansu riguna masu rufe jiki ruf har fuska, aka goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka shigar da su wani ɗaki na ƙarfe a cikin jirgin ruwan yaƙi. Shugaba Nixon da ya zo yi musu barka, ta bayan gilashi ya gaishe su. Aka ci gaba da killace su har 10 ga Agusta, kwana 21 ke nan daga barinsu wata. Duwatsu da ƙurar da suka ɗebo, kimanin kilo 21 da rabi, aka riƙa gwada su a jikin ɓeraye da tsuntsaye da kifaye da tsirrai don a ga ko za su cutu. Ba a sami komai ba, amma ba a daina wannan killacewa ba sai bayan tafiyar Apollo 14 a 1971. Ashe ke nan tsoron da ya kama mai sayar da kifi a kasuwar Makola, shi ne ya kama masanan Amurka har suka kashe maƙudan kuɗi a kansa. Bambancin kawai su suna da ɗakin gwaji, ita kuwa ba ta da abin da ya wuce idonta da rediyon maƙwabci.

Kuma ta yi daidai a abu biyu. Ta gane cewa wannan ciwo baƙo ne, ba irin jan idon da ta saba gani ba ne, abin da sai daga baya bincike ya tabbatar. Sannan ta liƙa masa shekararsa a goshi yadda ba mai iya kankarewa. Yau in aka tambayi ɗalibin likita yaushe wannan ciwo ya fara, ba ya bukatar haddar komai, sunan zai gaya masa.

Ko da yake ba shi ne zancenmu ba, ya kamata marubuta su lura cewa a wannan shekarar ta 1969 ne kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawon sararin samaniya da shi. Wato zancen sama jannati ya riga ya shigo iskar da mutanenmu ke shaƙa, daga mai alƙalami har mai tallar goro.

Yadda ciwon ya ƙetaro daga Gana ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san hanyar. Tun zamanin fataken Gwanja da kasuwar Salaga, ƙafar Bahaushe ba ta ɗauke daga wannan ƙasa ba, kuma zangon Kumasi da unguwannin Ankara irin su Nima da Sabon Zango cike suke da mutanenmu na Nijeriya da Nijar. Motocin goro da na shanu suna kai da kawowa, haka 'yan kasuwar Yarabawa ta bakin teku. Kafin shekarar ta ƙare ciwon ya isa Ikko. Sannan ga wani abu da ya faru wanda ya cika hanyoyi da mutane fiye da kullum. Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia, wadda ba ta fi 'yan makonni da hawa mulki ba, ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako 2. Dubun-dubatar mutane suka tattara komatsansu, waɗansu an haife su a can ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Aka cunkushe a manyan motoci da jiragen ruwa, aka yi kwanaki a bakin iyaka, ana wanke fuska a kwano ɗaya, ana share ido da gefen zane ɗaya. Ciwon ya riga wannan kora ƙetare iyaka, saboda haka ba za a ɗora mata laifin kawo shi ba, amma cutar da ke bin hannu da tsumma ba za ta sami abin da ya fi mata wannan ayari daɗi ba. Nijeriya kuwa a lokacin tana ƙarshen yaƙin basasa, wanda bai tsaya ba sai Janairun 1970, ga sojoji a barikoki, ga 'yan gudun hijira a sansanoni. Sunan ya biyo ciwon sawu da ƙafa, har wani likita mai suna Parrott, da ya rubuta labarin annobar ta Nijeriya a wata mujallar likitoci a 1971, bai ga abin da zai sa a kanun rubutunsa ba sai wannan suna na kan titi.

Daga nan sai duniya. Ya bi gaɓar teku ya shiga Kamaru da ƙasashen tsakiyar Afirka, zuwa farkon 1971 ya kai Maroko. A daidai wannan lokaci an ga irinsa a tsibirin Jaba na Indunisiya, a 1970 kuma ya kwantar da mutum sama da 60,000 a Singafo. A 1971 ya mamaye Indiya, ya kai Japan, har Landan sai da ya leƙa. Labarin Indiya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin abin da ya faru a Ankara shi ya sake faruwa. A wannan shekara ce aka yi yaƙin da ya raba Pakistan biyu aka haifi Bangaladash, mutum wajen miliyan 10 suka tsallaka Indiya gudun hijira, da yawansu suka yada zango a kewayen Kalkata. Ciwon ido ya ɓarke daidai da zuwansu. Sai mutanen birnin suka ɗauki kirarin da masu neman 'yancin ke yi, wato Joy Bangla, ma'ana nasara ga Bangala, suka raɗa wa ciwon. Har yau da wannan suna ake kiransa a can. Mutanen Kalkata ba su yi shawara da na Ankara ba, amma dabara ɗaya suka yi: suka dubi babban abin da ke bakin kowa a shekarar, suka ɗaure ciwon a jikinsa.

Wanda ya kama ɓarawon shi ne wani masani ɗan Japan, Reisaku Kono, tare da abokan aikinsa a Tokyo. A 1971 suka ciro ƙwayar daga idanun majinyata, suka tarar bairas ce sabuwa fil, daga dangin nan da ƙwayar shan inna ta fito. Daga baya aka ba ta lamba, aka kira ta enterobairas ta 70. 'Yan uwanta yawanci a hanji suke zama, ita kuwa ta zaɓi ido, kuma an ga alamar dalili a ɗakin gwaji: ta fi hayayyafa a ɗumin da bai wuce awo 33 ba, alhali cikin jikin mutum 37 ne, saman ido kuwa da iska ke bugawa ya fi cikin jiki sanyi. Aka kuma gano cewa annobar Singafo ta 1970 wata ƙwaya ce daban, wani reshe na koksaki A24, wadda ke kawo ciwo iri ɗaya sak har likita ba ya iya rarrabewa da ido. Wato ɓarayi biyu ne suka shiga gari kusan dare ɗaya da kaya iri ɗaya. Da masana suka auna yadda ƙwayar ta 70 ke sauya kama shekara bayan shekara, suka yi lissafi da baya, sai suka ga duk rassanta sun haɗu a tushe guda wajen 1967. An kuma sami alamun garkuwa daga irinta a jinin shanu da tumaki da waɗansu dabbobin gida, abin da ya sa waɗansu ke kyautata zaton daga dabba ta tsallako. Ga alama dai abin da aka ɗaga kai ana nema a wata, yana nan kusa da turke.

Dangantakar nan da shan inna ba ta tsaya a suna ba. A Bombai, wani likitan jijiyoyi mai suna Wadia ya lura cewa waɗansu ƙalilan daga cikin waɗanda suka yi ciwon idon, bayan 'yan makonni sai ƙafa ta saki, kamar dai shan inna ta kama babba. An ga haka a waɗansu ƙasashen ma. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ana ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 10,000, amma in aka tuna miliyoyi ne suka kamu, sai a ga ba ƙaramin adadi ba ne. A 1981 annobar ta sake zagayowa, wannan karon ta haye teku ta shiga Barazil da tsibiran Karibiyan, ta kai jihar Fulorida ta Amurka, jihar da aka harba kumbon daga cikinta shekara 12 kafin nan.

Yanzu bari mu komo kan suna, wanda shi ne abincinmu. A wannan shekarar ta 1969, cikin watan Janairu, wani zazzaɓi ya kashe wata ma'aikaciyar jinya ta mishan da ke aiki a wani ƙaramin gari a ƙasar Barno. Masana suka gano ƙwayarsa a Amurka, suka ɗauki sunan garin suka ba cutar. Tun daga ranar, duk inda aka ambaci Lassa a duniya, ba gari ne ke zuwa zuciyar mai ji ba, cuta ce, kuma mutanen garin ba wanda ya tambaye su. Haka aka yi wa Sifen da murar 1918, wadda ba a can ta fara ba. Sai a 2015 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da ƙa'idar cewa a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa ko al'umma. A namu ganin, talakawan Ankara sun fi masanan dabara ko da ba da niyya suka yi ba. Da sun bi hanyar masana, da yanzu rabin duniya na cewa ciwon Gana, ana yi wa mutanenta kallon masu yaɗa cuta. Sai suka jingina shi ga wani ƙarfe da ya tafi sama, wanda ba shi da dangin da za su ji haushi.

Shi kuwa Bahaushe da ya karɓi sunan, ya tarar da gurbinsa a shirye, domin da ma haka yake ajiye tarihi. Yunwar 1914 ita ce Kakalaba, ta wajen 1942 'Yar Gusau, murar 1918 Marisuwa. Tsoho ba zai ce an haife shi a shekara kaza ba, zai ce ana Kakalaba yana goye. Haka ƙarin albashin tsakiyar shekarun 1970 ya zama Udoji, jakar leda mai ratsi ta zama Gana-mas-go bayan korar 1983, lokacin da Nijeriya ta rama abin da aka yi mata a 1969. Irin waɗannan kalmomi turaku ne da aka kafa a hanyar zamani. Marubucin da ya san inda kowane turke yake, yana iya nuna wa mai karatu shekarar labarinsa ba tare da ya rubuta lamba ko ɗaya ba. Wanda kuma ya tumɓuke turke ya kai shi inda ba nan aka kafa shi ba, masu shekaru za su kama shi, kamar yadda aka kama ɗan uwanmu.

Sai dai sunan ya yi wata ɓarna da ba za mu rufe ido a kanta ba. Da ya zauna, sai ya haɗiye sauran. Yau kowane jan ido Afolo ne: na ƙaiƙayi da ke damun yara shekara da shekaru wanda ba ya ma yaɗuwa, na ƙwayoyin bakteriya mai kwantsa kamar ruwan ƙwai, gyambon baƙin ido, har hawan jinin ido mai zuwa farat ɗaya. Tun da kuma kowa ya san Afolo na gaskiya yakan tafi da kansa cikin mako guda ko kwana 10, sai a zauna ana jiran tafiyar abin da ba zai tafi ba sai da ido. Jaririn da bai yi wata ba idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, wannan ba Afolo ba ne, sau da yawa cuta ce ya ɗauka a hanyar haihuwa, kuma tana iya huda ido cikin kwanaki kaɗan. Haka wanda ganinsa ya ragu, ko zafi ya hana shi barci, ko fari ya fito a kan baƙin idonsa. Duk waɗannan asibiti ne wurinsu, a ranar.

Ga kuma magungunan da muka ƙago masa. Mu da muka yi makarantar kwana mun ga abin da ake yi in ya shigo ɗakin kwana: ruwan sukari, ruwan gishiri mai kauri, ruwan albasa, nonon mai jego in an samu, kananzir, har ruwan batir. Mafi muni shi ne fitsari. In wanda aka karɓi fitsarinsa yana da ciwon sanyi, to an ɗauki ƙwayar da ta fi kowace saurin cinye ido an zuba ta da hannu, kuma likitocin ido a ƙasashenmu sun sha ganin manyan mutane da suka makance ta wannan hanya. Na zamani kuma shi ne a je kyamis a sayi maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ja nan take har a yi ta sa masa albarka, alhali in akwai gyambo zai faɗaɗa shi, in an daɗe ana ɗigawa kuma ya kawo hawan jinin ido. Ciwon da in an bar shi zai wuce bai bar tabo ba, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido. Bairas ba ta jin maganin kashe bakteriya. Abin da ke taimakon mai ita shi ne tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, da haƙuri, da wanke hannu da sabulu, da kuma ware tawul ɗinsa da matashinsa da tandun kwallinsa.

Akwai kuma camfin da ya zo tare da sunan, wai in ka kalli idon mai Afolo ka ɗauka. Shi ya sa ake sunkuyar da kai in an gamu da shi, shi kuma ya ɗaura baƙin tabarau. Tabaran yana da amfaninsa, yana rage masa zafin haske, yana kuma hana shi yawan kai hannu. Amma ƙwayar ba ta tafiya a kan kallo. Abin dariyar shi ne za ka ga mutum ya kau da kai don kada ya kalli idon abokinsa, ga shi kuwa ya miƙa masa hannu sun gaisa, ya karɓi butar da ya ajiye, sannan ya murza nasa idon.

Ita ƙwayar ta 70 da ta fara tayar da ƙurar, ta yi sanyi a 'yan shekarun nan, ba a cika jin ɗuriyarta ba. Abokiyar tafiyarta ta Singafo ce ta gaji sarautar, kuma ita aka fi samu a manyan ɓarkewar da suka biyo baya. A watan Satumba na 2023 lardin Punjab na Pakistan ya rufe makarantu na 'yan kwanaki saboda jan ido, a farkon 2024 kuma ya ratsa Tanzaniya da Kenya da Yuganda. A nan gida yakan leƙo yawanci da damina ko ƙarshenta, kuma ko wace ƙwaya ce ta kawo shi, Afolo muke ce masa, har yaran da ba su taɓa jin an je wata ba.

Wanda yake da shekara 10 a lokacin da aka raɗa sunan, yanzu ya ba 60 baya. Irinsu suna nan a Fagge da Sabon Garin Zariya da Maraɗi da zangon Kumasi, waɗansunsu ma a cikin motocin korar 1969 suka zo. Mun tambayi dattijon namu ko zai zauna a ɗauki bayaninsa, ya ce sai dai a zo da safe, kafin rana ta yi zafi. Shi kuwa matashin ya dawo zama na gaba da babinsa a gyare. Tsohuwar tana nan ba ta je bikin ba, amma yanzu ciwon ido ne kawai ya kama ta, jikarta na zaune gefenta tana kore mata ƙuda da mafici.